Yadda na nemo mana tikitin Umara ni da Umma

Shekara uku Umma tana zubin adashi saboda tafiyar nan, ga ɗan kuɗin tumakinta da ta sayar da babbar sallah, ni da Yaya muka cika mata, toh ranar da ta miƙo min ledar kuɗin abu ɗaya tace min, "Babana kar ka bari jirgi ya cinye kuɗin nan duka, ina so in daɗe a Madina." Sunan mahaifinta gareni shi yasa bata faɗar sunana. Maganar nan ita na riƙe tun daga farko har ƙarshe, don duk naira ɗaya da na rage a tikiti kwana ne ko rabin kwana na ƙara mata a kusa da masallacin Manzon Allah (SAW).

Farko ejen na nufa kamar kowa. Biza dai ta hannun kamfanin da ke da lasisin hukumar alhazai wato NAHCON na nema, wannan ban yi wasa da shi ba, na tabbatar suna da shi kafin in basu fasfo. Suka bani farashi a dunƙule, biza da masauki da mota da tikiti, nace Alhaji don Allah a rarraba min in ga kowanne nawa ne. Ya ɗan yi jim sannan ya rubuto min, a nan na ga ashe tikitin ne kaso mafi tsoka. Nace ranka ya daɗe idan na samo tikitina da kaina zaku yi min biza da masauki kawai? Yace ba matsala amma in kawo musu ranakun da wuri don da su za'a kama ɗaki. Ba kowane kamfani ke yarda da haka ba, wasu sai dai ka ɗauka duka ko ka bari, don haka a tambaya tun kafin a ajiye ko sisi.

Ƙanwata ce ta nuna min Google Flights a wayarta, ni da ban taɓa buɗe shi ba. Ka sa KAN wato filin jirgin Malam Aminu Kano, ka sa JED na Jidda ko MED na Madina, sai ya jero maka jirage. Abin da yafi yi min amfani ba jerin bane, kalandar nan ce da yake rubuta farashi a ƙarƙashin kowace rana, ka ga wata guda a gabanka, yau kaza gobe kaza. Daren farko har wajen ƙarfe biyu ina kai ina ta matsa watanni gaba da baya. Abin da na gani shine duk inda azumi ya matso kuɗi ya tashi, goman ƙarshe kam ba'a magana, kuma azumin zai kama ne cikin Fabrairu 2026. Ƙarshen Disamba ma akwai tsada saboda hutu, mutane na kwasar iyalai. Tsakanin bayan Maulidi da farkon Disamba nan ne na ga abin ya ɗan kwanta.

Sai da na zauna da Umma akan wannan don ita ranta na kan azumi, kowa yasan falalar Umarar Ramadan. Nace Umma in muka ce sai azumi kuɗin nan kwana kaɗan zai bamu kuma masaukin zai yi nisa da harami, ga cunkoso ga ƙafarki, in kuma muka tafi cikin Nuwamba zamu yi sati biyu cif, zafi ma ya ragu a can. Tayi shiru can tace "Allah Ya sa haka shi yafi alheri, in da rabon ta azumin ma zan je." Wannan shawarar ita kaɗai ta rage kuɗi fiye da duk wasu dabarun da nayi daga baya.

Akwai maganganu da mutane suka yi ta gaya min, wai ka duba ranar Talata da tsakar dare, wai ka buɗe shafin ɓoye a burauza don kar su gane kana nema su ƙara maka. Na gwada duka, wayata da ta ƙanwata da kwamfutar wani abokina a lokaci ɗaya, farashi ɗaya na gani. Wanda ya warware min zaren wani dattijo ne da ya daɗe yana yankan tikiti a wani ofis, maƙocin Yaya ne, nake ce masa Baba. Yace min kujerun baya na jirgi da kake gani iri ɗaya ba kuɗinsu ɗaya ba, an kasa su aji aji kowane aji da harafinsa, akwai masu arha guda kaɗan, in suka ƙare sai na'ura ta hau na gaba, shi yasa zaka ga mutum biyu kafaɗa da kafaɗa amma ɗaya ya biya kusan ninkin ɗaya. Sannan yace asalin farashin da dala yake, ana juya shi ne zuwa naira da canjin da kamfanonin jirgi ke aiki da shi, toh ko kujera bata ƙare ba in naira ta motsa sai ka ga lambar ta canza. Ya tuna min lokacin da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya, a 2023 sun haura dala miliyan 800, yace a lokacin rufe ajin arha suka yi gaba ɗaya ga mai saye daga nan, har Emirates ta daina zuwa tun 2022 bata dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Yace yanzu da aka biya mafi yawan kuɗin an sake buɗewa, amma sai mai nema da wuri ke samu.

Wani abu da ya ƙara min wanda ban taɓa tunani ba, yace in kana neman kujera biyu kuma saura guda ɗaya a ajin arha, na'urar ba zata baka ɗaya mai arha ɗaya mai tsada ba, duka biyun zata kai su aji na gaba. Don haka ka riƙa dubawa da mutum ɗaya sannan ka duba da biyu ka kwatanta. Na gwada kuwa sau ɗaya na ga bambancin. Amma ban raba mana bukin ba, don in aka samu canjin jirgi ina so duk inda aka kai Umma a kaini, tsohuwa ce bata jin Turanci bata jin Larabci in ba na karatu ba.

Daga nan na kunna abin bibiyar farashi, duk sanda ya motsa su turo min saƙo ta imel, na kuma samu littafi ina rubutawa kullum da safe bayan na dawo daga masallaci. Sati uku ina wannan. Ina duba wasu shafukan neman tikiti irin su Skyscanner da Wakanow ma don kwatance, amma kullum sai na koma shafin kamfanin jirgin kansa na ga ko lambar ɗaya ce, don wani lokaci abin da ka gani a waje tsohon farashi ne, kana dannawa sai ya canza.

Hanyoyin da suke fito min daga Kano kusan kala uku ne. Akwai mai tafiya kai tsaye zuwa Jidda in an dace da ranar, wajen awa biyar kun sauka, shi yafi daɗi kuma sau da yawa shi yafi tsada. Akwai EgyptAir ta Alƙahira, akwai Ethiopian ta Addis Ababa, sannan Qatar Airways da ta fara zuwa Kano a 2022 ita kuma sai ka wuce Saudiyya ka je Doha sannan ka dawo baya. Sai kuma tashi daga Abuja, wanda a wasu ranakun yake nuna ragi mai kyau har na fara murna. Na ɗauki biro nayi lissafi, Kano zuwa Abuja sama da kilomita 400 ne ta Zariya da Kaduna, kuɗin mota mu biyu da kaya zuwa da dawowa, kwana ɗaya a otal don ba zan yarda mu taso ranar tashin jirgi ba, kuɗin tasi zuwa filin jirgi da yake can wajen gari, abinci, da na haɗa sai ragin ya koma ɗan abin da bai kai in sa Umma zaman mota na yini guda ba. In da ni kaɗai ne da ƙaramar jaka wataƙila in yi. Na soke Abuja.

Akwai kuma wani da ya fito da arha sosai har na kira Yaya, da na buɗe cikinsa sai naga kamfani biyu ne daban daban tikiti biyu, an rubuta da ƙananan harufa cewa kai zaka ɗauki kayanka a inda aka tsaya ka sake awo. Baba yace kar ka soma. Yace in jirgin farko yayi latti na biyu ya tashi ba wanda zai saurareka, asara ce taka, kuma ɗaukar kaya na nufin sai ka wuce jami'an shige da fice na ƙasar, da koren fasfo ba bizarsu ina zaka. In tikiti ɗaya ne kuwa kayanka tun daga Kano an ɗaura musu takardar inda zasu sauka, in an yi latti nauyin kamfanin ne ya saka a wani jirgin. Wani kuma mai arha ya nuna zaman jira na awa goma sha wani abu, shima na wuce shi, mai ciwon gwiwa da hawan jini ba zata kwana kan kujerar ƙarfe ba saboda dubu hamsin.

A cikin wannan neman ne na kusa faɗawa rami, kuma shi yasa ma nake rubuta wannan. Wani a wani guruf na WhatsApp yana tallan tikitin Jidda da farashin da ya gaza duk abin da nake gani nesa ba kusa ba. Na yi masa magana, yace in turo hoton fasfo, cikin minti ashirin ya turo min takarda mai tambarin kamfanin jirgi da sunana da na Umma da lambar bukin mai harufa shida. Na shiga shafin kamfanin na sa lambar da sunan mahaifi, wallahi sai gashi ya fito, sunayenmu da rana da komai. Yace toh in tura kuɗin kafin la'asar in ba haka ba kujerar zata tafi. Har na buɗe manhajar banki. Sai naga asusun da ya bani na mutum ne ba na kamfani ba, zuciyata ta ɗan ja baya, na tura wa Baba hoton takardar. Ko minti biyu ba'a yi ba ya kirani yace "Ina lambar tikiti?" Nace gata nan Baba. Yace wannan lambar riƙe kujera ce, kowane ejen zai iya yinta kyauta, kuma in ba'a biya ba ita da kanta zata goge bayan wa'adi. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne, EgyptAir 077, Ethiopian 071, Saudia 065, in baka ga wannan ba toh ba'a yanka maka komai ba. Na koma nace wa mutumin ya yanka ya turo min mai lamba 13, ko kuma ya gaya min ofishinsa in zo in biya a can hannu da hannu. Ya fara faɗa wai ban yarda da shi ba, wai shi mutane nawa ya kai. Daga ranar bai sake amsa min ba, bayan kwana biyu na duba bukin ɗin babu shi. Har yau in na tuna kuɗin adashin Umma ne a ciki sai gabana ya faɗi, kuma na san akwai waɗanda basu da wani Baba da zasu tura wa, sai sun je filin jirgi da jakunkuna da 'yan rakiya sannan za'a ce musu babu sunansu.

Dabarar da tafi burgeni kuma ita ce ta sauka a wani gari a taso daga wani. Da farko Kano zuwa Jidda da dawowa nake ta nema, sai na lura akwai wajen da zaka zaɓi birane da yawa, na sa zuwa Kano zuwa Madina, dawowa Jidda zuwa Kano. Farashin ya ɗan ɗara na Jidda zalla kaɗan, amma duba abin da ya sauƙaƙa. In ka sauka Jidda da niyyar Umara dole ka ɗau harami tun a jirgi in an zo daidai miƙati, ka sauka a gajiye ka wuce Makka kayi ɗawafi da sa'ayi, sannan daga baya ka tafi Madina ka sake dawowa Jidda don hawa jirgi, tafiya biyu kenan tsakanin garuruwan da ke da nisan sama da kilomita 400. In ka fara da Madina kuwa ka huta kayi ziyara a natse, ranar tafiya Makka ka ɗau harami a Zul Hulaifa da ake cewa Abyar Ali, ka gama ibadarka, Jidda na nan kusa da Makka sai gida. Tafiya ɗaya ta ragu da kuɗinta da wahalarta. Kuma akwai jirgin ƙasan nan mai gudu na Haramain da aka buɗe a 2018, awa biyu da wani abu ya kaika Makka daga Madina, shi nayi niyyar mu hau duk da yana da dokar kaya, babbar jaka ɗaya da ta hannu, sai muka shirya da masu masaukinmu akan sauran kayan.

Maganar kaya ma sai da na tsaya na karanta, don wani tikitin arharsa daga nan take, jaka ɗaya ce ko ma ta hannu kawai. Mu mutanen Kano kuma ba'a dawowa daga Saudiyya hannu na dukan cinya, ga dabino ga bagaruwa ga jallabiyoyin jikoki ga carbi da dadduma na maƙota, Umma tun kafin mu tafi ta cika shafi biyu da sunayen masu tsaraba. Na tabbatar namu jaka biyu ne kowacce kilo 23 ga kowane mutum, na kuma tambaya akan ruwan zamzam mai lita 5 da ake saye a filin jirgi ko yana cikin awo ko daban yake, don kowane kamfani da tsarinsa. Na karanta sharaɗin canza rana shima, nawa ake caji in an ɗaga, nawa ake mayarwa in an fasa. Mafi arha duka ba'a mayar da komai, na ɗauki wanda ke sama da shi da kaɗan mai yarda a canza rana da tara, saboda biza bata riga ta fito ba kuma rai da lafiya na Allah ne.

Ranar wata Laraba saura kamar sati bakwai tafiya saƙo ya shigo cewa farashin ranakun da nake bi ya sauka. Na duba littafina, tun da na fara rubutawa bai taɓa kaiwa nan ba. Tafiya ranar Litinin ce ta Alƙahira, jiran awa uku da ɗan wani abu, sauka Madina. In da ranar Alhamis ko Juma'a na zaɓa da ya fi haka. Na kira kamfanin biza na karanta musu ranakun suka ce sun yi, na kira Yaya yace bismillah. Sai katina ya ƙi. Sau biyu yana ƙi, ashe iyakar abin da zan iya kashewa a rana bai kai kuɗin ba, ban taɓa biyan abu mai yawa haka da kati ba. Gumi ya keto min don ina tsoron kujerun su tafi. Na riƙe bukin ɗin a shafin, washegari da sassafe na tafi banki aka ɗaga min iyakar, na dawo mota na zauna na biya a waya. Duk mai shirin saye ya gyara wannan tun kafin ranar, minti goma ne a banki amma in baka yi ba zai iya ja maka asarar farashin da ka yi sati uku kana jira.

Kafin in danna biya sai da na ɗora fasfo biyun a cinyata na bi sunayen harafi harafi, don sunan Umma a fasfo ba yadda muke rubuta shi a gida yake ba, akwai harafin da aka ninka, kuma sunan mahaifi ne a gidan farko. Gyaran suna bayan an yanka wani kuɗin ne, wani lokacin ma sai dai sabon tikiti. Na duba fasfo ɗin suna da fiye da wata shida kafin su ƙare, katin rigakafi mai ruwan ɗorawa yana nan, allurar sanƙarau ma mun yi. A wajen buƙata ta musamman na zaɓa mata keken turawa, kyauta ne, kuma shi ya cece mu a Alƙahira don wani ma'aikaci ne ya turata tun daga ƙofar jirgi har ƙofar na biyun ina biye da jakunkunan hannu.

Imel ya shigo, na buɗe ina neman abu ɗaya, na ganta, 077 da sauran alƙaluma goma a gaban sunanta, wata a gaban nawa. Na sake shiga shafin kamfanin na tabbatar, na je shagon kwamfuta na bakin titi aka buga min kwafi uku uku. Da na haɗa lissafi da daddare, tsakanin kuɗin tikitin da ejen ya rubuta min da farko da abin da na biya, mu biyu, ragowar ta isa ta ƙara mana kwana uku a Madina ta kuma matso da masaukinmu kusa da ƙofar da mata ke shiga, na kira Alhajin biza da safe nace a canza mana otal.

Na shiga ɗakinta bayan isha'i tana kan dadduma na miƙa mata takardar, ta juya ta ta sake juyawa tace in nuna mata inda sunanta yake, na ɗora yatsana a wajen. Tace "Kwana nawa a Madinar?" Nace takwas Umma. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a cikin jakar Alƙur'aninta, tace in kira mata Yaya a waya, sannan gobe in biya kasuwar Kwari in yanko mata yadin hijabi fari guda biyu.